Yadda Ake Fiɗar Amsa-amo, Kari da Maimaici a Rubutacciyar Waƙa

Fara da rera waƙar a fili sau biyu ko uku. Rubutun boko ba ya nuna dogon wasali, don haka wanda ya auna waƙa da ido kawai zai yi ta tuntuɓe.

Daga nan ƙirga ɗangwayen (wato layukan) baiti ɗaya, ka san ko ƙwar biyu ce (mai ɗango biyu) ko ƙwar biyar. Ja layi ƙarƙashin gaɓar ƙarshe ta kowane ɗango. Gaɓar da ke rufe kowane baiti tun daga farkon waƙa har ƙarshenta ita ce babban amsa-amo. Wadda ɗangwayen cikin baiti suka yi tarayya a kanta, tana sauyawa baiti bayan baiti, ita ce ƙarami. Sauti ake bi, ba harafi ba.

Kari, wato tsarin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi a ɗango, shi ne fiɗarsa ke cin lokaci. Yanka ɗango gaɓa-gaɓa. Baƙi da gajeren wasali gaɓa ce marar nauyi (v). Mai dogon wasali, ko tagwan wasali kamar "ai" da "au", ko wadda baƙi ya rufe kamar "han" a "hannu", mai nauyi ce (–). Ɗauki wannan ɗango: "Mutane ku tashi ku nemi sani."

mu-taa-nee / ku-taa-shi / ku-nee-mi / sa-nii
v – – / v – v / v – v / v –

Kowane rukunin gaɓoɓi da aka raba da / ƙafa ce. Ƙafar farko Fa'uulun ce, wadda maimaita ta ke ba da Mutaƙarab, ɗaya daga karuruwa 16 na aruli, wato ilmin awon waƙa na Larabci. Ƙafa ta biyu da ta uku gaɓarsu ta ƙarshe ta gajarce, wannan zihafi ne. Ta huɗu gaɓa guda ta faɗi gaba ɗaya, wannan shi ake kira illa a aruli. A nan ɗalibai kan ruɗe, su ce waƙa ta karye alhali aruli ya halatta. Kada ka yanke hukunci da ɗango ɗaya. Auna aƙalla baiti biyar. Kuma ka tuna ƙafa ba ruwanta da iyakar kalma, tana iya raba kalma biyu.

Maimaici kuwa, lissafa shi bai wadatar ba. Nuna abin da aka maimaita (kalma, amshi ko ginin jimla) da gurbin da yake faɗowa, sannan ka tambayi aikinsa: jigo yake jaddadawa, ko cike gurbin kari kawai sha'irin ya yi da shi? Cire kalmar ka sake rerawa. In ma'ana ba ta ragu ba sai kari ya gurgunce, ciko ce.