Takalmin da zai kai ka intabiyu ba tare da ɗingishi ba

Mai yawon kai takardun neman aiki yakan wuni a tsaye, daga wannan ofis zuwa wancan, don haka takalminsa na bukatar zaɓe.

Ka je saye da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini. Sa irin safar da za ka riƙa sawa, ka gwada ƙafa biyun kana tsaye, tunda sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya girma. Tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmin a samu tazarar kamar santimita 1.

Sai ka ɗauke shi a hannu. Lanƙwasa shi: ya kamata ya lanƙwashe a daidai gindin yatsu. In a tsakiya ya naɗe, ba zai tallafi tafin ƙafa ba, kuma bayan 'yan sa'o'i dunduniya za ta fara zogi. Matsa bayansa da babban yatsa, in ya lotsa nan take, ajiye shi, don diddige zai riƙa zamewa a ciki. Wannan gogayya, haɗe da gumi, ita ke kawo bororo. Safar auduga zalla tana riƙe gumi, gara mai gaurayen zare.

Kada ka fara sa sabon takalmi ranar intabiyu. Ka riƙa sa shi awa 1 ko 2 kullum na tsawon mako guda, inda ya fara cizo ka manna filasta tun fata ba ta yi ja ba. Takalmin ya zama baƙi ko ruwan ƙasa, rufaffe, a goge shi tun ana gobe intabiyu da dare.