Yadda ake gane ƙaramin gatari mai kyau kafin a biya kuɗi

Gatarin araha iri biyu ne a babbar kasuwar Maraɗi: na maƙera, wanda wutsiyar ƙarfensa ke nutsewa cikin kan ƙota, da ɗan kanti mai ido, wanda ƙota ke ratsa shi. Fentin ɗan kanti kada ya ruɗe ka, sau da yawa tsaga yake ɓoyewa.

Fara da ƙarfen. Riƙe gatarin a ƙarshen ƙota, ka ƙwanƙwasa ruwansa da ƙusa. Mai lafiya yana ƙara siririya mai ɗan jimawa. In ƙarar ta mutu nan take, akwai tsaga ko kan ya yi sako-sako. Sai ka goga magagari a bakin. In ya ci ƙarfen cikin sauƙi, ƙarfen bai yi tauri ba, bakin zai naɗe a saran farko na kirya. In ya zame bai kama ko kaɗan ba, ya yi tauri da yawa, zai ɓantare a ƙashin layya. Wanda ake so shi ne mai kamawa da ƙyar. Baki mai shuɗi-shuɗi kuwa injin wasa ne ya ƙona shi, ba zai riƙe kaifi ba. Maƙeran da suka san aiki da sifirin tsohuwar mota suke ƙira, don haka tambayi maƙerin da wane ƙarfe ya yi.

Ƙota ta zama ta marke ko aduwa, busasshiya, ba ƙulli kusa da kai, ba ramin ƙwaro. Ɗanyar ƙota takan tsuke da hunturu, kan ya riƙa girgiɗi. Jiƙa ta cikin ruwa maganin yini guda ne, in ta bushe sai ta fi da sakewa. Miƙe gatarin a gaban idonka: baki da ƙota su hau layi ɗaya, in ba haka ba sara zai dinga gocewa wajen ƙafarka.

Don faskaren girki da gyaran rassa a sassaben zamani (barin tohon itatuwa a gona ana kula da shi), kai mai giram 600 zuwa 800 da ƙota mai santimita 35 zuwa 40 sun wadatar.

Wajen ciniki, ƙarfe kake saye. Mai ƙarfe nagari da ƙota maras kyau, ɗauke shi ka nemi a rage maka kuɗin sabuwar ƙota. Mai laushin ƙarfe kuma bar shi, ko an ce dala ɗari.