Yadda Za Ka Zaɓi Manhajar da Ma'aikata Za Su Shiga Sabar Kamfani Daga Gida

Kafin ka duba sunan kowace manhaja, zauna da ma'aikatan ka tambaye su abin da suke yi da sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan kamfani, a kullum. Amsarsu ita ce za ta yi maka zaɓin. Wanda ke buɗe takardu a babban fayil na ofis, buƙatarsa daban. Akanta mai aiki da manhajar lissafi wadda rumbun bayananta ke kan sabar, shi ma daban. Ka rubuta mutum nawa ne za su shiga a lokaci guda, da kwamfutar wa za su yi aiki, tasu ko ta kamfani, da kuma saurin intanet ɗin ofis wajen aikawa. Wannan na ƙarshe shi ake yawan mantawa. Duk abin da ma'aikaci ya sauke a gida, ofis ne ya aika masa, kuma layuka da yawa suna da saurin saukewa sosai amma aikawarsu ba ta taka kara ta karya ba.

Hanya ta farko ita ce VPN. Tana haƙa ɓoyayyen rami tsakanin kwamfutar gida da ofis, sai kwamfutar ta zama kamar an jona ta a cikin ofis. Idan aikin bai wuce buɗe takardu da shafukan cikin gida na kamfani ba, ta wadatar. A nan akwai WireGuard, wadda ta shiga cikin Linux tun 2020, mai sauƙin saiti da sauri, kuma an saba ba ta ƙofar UDP 51820 (ƙofa ita ce lambar mashigar da saƙo ke bi zuwa wata manhaja a kwamfuta, UDP da TCP kuma hanyoyin aika saƙon ne). Akwai OpenVPN a kan UDP 1194, wadda ake iya mayarwa TCP 443 idan otel ko filin jirgi sun toshe sauran ƙofofi. Akwai kuma IKEv2 a kan UDP 500 da 4500, wadda ke cikin Windows da macOS da iPhone tun asali. PPTP kuwa kada ka kusance ta, ko da tsohuwar rautar ofis, wato na'urar da ke haɗa ofis da intanet, tana da ita: tun 2012 aka nuna a fili yadda ake fasa tsarin tantancewarta.

Inda VPN ke ba da kunya shi ne manhajar da ke buɗe fayil ɗin rumbun bayanai kai tsaye, irin Microsoft Access da wasu manhajojin lissafi na tebur. Irin waɗannan suna aika ƙananan tambayoyi masu yawan gaske zuwa sabar, kowace tana jiran amsa kafin ta gaba ta tafi. A cikin ofis amsa kan dawo cikin ƙasa da milisakan ɗaya. Daga gida tana iya ɗaukar 40 ko 80. Lissafa da kanka: tambaya 1,000 a milisakan 60 minti ɗaya ke nan cur, don buɗe shafi guda. Ƙara saurin intanet ba ya maganin wannan, domin matsalar jinkirin kai-komo ce. Mafi muni, idan layi ya yanke ana tsakiyar rubutu, fayil ɗin na iya lalacewa ga kowa da kowa.

Ga irin wannan aiki, a bar manhajar ta zauna kusa da bayananta, hoton allo kawai ya yi tafiya. Wannan shi ne aikin Remote Desktop na Microsoft, wanda ake kira RDP. Ma'aikaci na ganin allon kwamfutar ofis, yana aika motsin linzami da abin da ya buga, bayanai kuwa ba su bar ofis ba. Ka ware wa kowane mutum kimanin Mbps 1.5 zuwa 3 don aikin ofis na yau da kullum, ka kuma nemi jinkirin da bai kai milisakan 150 ba, in ba haka ba rubutu zai riƙa bin yatsa a baya.

Sai dai a kula da lasisi. Windows Home ba ta karɓar shiga ta RDP, sai irin su Pro ko Enterprise, kuma mutum ɗaya tak a lokaci guda. Windows Server tana barin mutum biyu ne kawai su shiga a lokaci guda, don masu kula da ita. Idan mutum goma za su yi aiki a kan sabar ɗaya, dole a kunna Remote Desktop Services a sayi lasisin RDS CAL na kowane mutum ko kowace na'ura. Akwai kwana 120 na gwaji, kuma ranar da suka cika ma'aikata za su wayi gari ƙofa a rufe. Ka sa ranar a kalanda.

Abu ɗaya da ba sassauci a kansa: kada ka buɗe ƙofar 3389, wadda RDP ke bi, ga intanet kai tsaye. Dare da rana akwai na'urorin masu kutse da ke laluben wannan ƙofa suna gwada kalmomin sirri, kuma tana cikin manyan hanyoyin da masu garkuwa da bayanai ke shigowa. A 2019 an gano ɓarakar BlueKeep, wadda ke ba da damar shiga tsofaffin Windows ba tare da kalmar sirri ba ma. Sauya lambar ƙofar zuwa wata ba kariya ba ce, domin masu laluben duk ƙofofin suke bi. RDP ta bi ta cikin VPN, ko ta bayan RD Gateway, sabar Microsoft mai tsaron mashigar RDP, a kan 443. Haka ma kada ka buɗe ƙofar 445 ta raba fayiloli, wadda manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta bi a 2017.

TeamViewer da AnyDesk da Splashtop suna da daɗin kafawa saboda ba sai an taɓa katangar tsaro (firewall) da ke tace abin da ke shiga ofis daga intanet ba, ɓangarorin biyu ne ke fita su haɗu ta sabar kamfanin manhajar. Sun dace da mutum biyu ko uku da kowa ke da kwamfutarsa a ofis, ko da mai gyara daga nesa. Amma na kyauta na TeamViewer da AnyDesk don amfanin kai ne, aikin kamfani sai da lasisi, kuma kwamfutar ofis dole ta kwana a kunne. A ganina bai kamata a ɗora su kan sabar kanta don ma'aikata su riƙa shiga ba, domin kowa zai faɗa kan allo guda, galibi da ikon mai kula.

Idan ofis ba shi da adireshin IP na fili, hanyar VPN ta gargajiya ba za ta yi aiki ba. Duba adireshin da rauta ta samu daga kamfanin intanet: idan ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, kuna bayan CGNAT ne, wato kuna raba adireshin fili ɗaya da wasu kwastomomin kamfanin intanet, kuma duk ƙofar da ka buɗe ba mai iso gare ta daga waje. A nan Tailscale, wadda aka gina kan WireGuard, ko ZeroTier, ko Cloudflare Tunnel suke da amfani. Suna kuma ba ka damar cewa wane ya isa sabar lissafi kawai, wance ta isa fayiloli kawai, maimakon duk wanda ya shigo ya ga komai.

Duk wadda ka zaɓa, idan ba ta da tantancewa mataki biyu, ajiye ta. A 2021 an shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusun VPN da ba a amfani da shi, kalmar sirri kawai ke tsare da shi, har kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Darasi biyu ne a ciki: a sa mataki na biyu, da manhajar waya mai ba da lamba 6 duk daƙiƙa 30 ko makullin hannu irin YubiKey, sannan a rufe asusun ma'aikaci ranar da ya bar aiki. Shi ya sa ya fi kyau manhajar ta jonu da rajistar ma'aikata da kuke da ita, kamar Active Directory, don rufewa a wuri ɗaya ta rufe ko'ina. Ka tambayi mai sayarwa kuma yadda faci, wato sabuntawar da ke toshe ɓaraka, ke fitowa. Na'urorin VPN na Fortinet da Pulse Secure da Citrix duk an taɓa samun manyan ɓaraka a cikinsu, kuma waɗanda suka yi jinkirin sabuntawa su suka fi jin jiki.

Batun kwamfutar gida fa? Wadda yara ke wasa da ita, idan ta shiga VPN, duk cutar da ke cikinta ta samu hanya zuwa ofis. Ko dai kamfani ya ba da kwamfuta mai ɓoyayyen faifai da BitLocker ko FileVault, ko a taƙaita na gida ga RDP kawai, a kashe kwafe fayil da jona faifai.

Kafin ka biya kuɗi, gwada da mutum uku na mako biyu, ka tabbatar akwai mai raunin intanet a cikinsu. Matsalolin da za su fito sanannu ne. Idan an haɗu amma ba a ganin sabar, duba ko gida da ofis duk suna kan jerin adireshi ɗaya, kamar 192.168.1.0 ko 192.168.0.0, domin kwamfutar za ta riƙa neman sabar a cikin gida. Mayar da ofis kan wani jerin adireshi kamar 10.37.20.0. Idan ana isa sabar da lamba amma ba da suna ba, VPN ba ta miƙa DNS na ofis, mai fassara suna zuwa lamba, ba ne. Idan ƙananan shafuka na buɗewa amma manyan fayiloli na maƙalewa, rage MTU, wato iyakar girman ƙunshin bayanai ɗaya, daga 1420 na WireGuard zuwa 1380 ko 1280 ka sake gwadawa. Idan kuma taron bidiyo na yankewa da zarar an kunna VPN, to duk zirga-zirgar ma'aikaci ce ke bi ta ofis. Saita ta yadda abin da ya shafi sabar kaɗai zai bi ramin. A kwanakin gwajin, cire wayar intanet ɗin ofis da gangan na minti biyar, ka mayar, ka ga ko haɗin zai dawo da kansa ko sai wani ya taso daga gida.