Kada Ka Bar Wa Oga Takardun Tambayoyinka

Duk shekara idan lokacin furojet ya zo, sai ɗalibai uku ko huɗu sun kawo mini take iri ɗaya: tasirin salon shugabanci a kan ƙwazon ma'aikata. Taken ba shi da laifi. Abin da ya ishe ni shi ne ramin da na faɗa shekarun baya, shi suke ta faɗawa ɗaya bayan ɗaya kamar an yi musu kiranye.

Ramin shi ne miƙa wa oga takardun tambayoyi ya raba wa yaransa. Ni na yi, a wata masana'antar roba da ke Bompai. Manajan ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, ya ce, "Malam, kada ka wahalar da kanka, bar su a nan, jibi ka dawo." Na bar guda 120. Jibi na tarar da 120 cif, an ɗaure da kyauro. Don murna ko canjina ban karɓa ba a hannun mai adaidaita. Sai da dare, da na baje su a kan tabarma, jikina ya yi sanyi. Kowa "na amince ƙwarai" ya zaɓa tun daga tambayar farko har ta ƙarshe, kuma fiye da rabi da biro ɗaya aka cike su, wani shuɗi mai zubar da tawada. Malamin da ke duba aikina uku kawai ya ɗaga ya ce, "Wannan ai ra'ayin masinjan manaja ne ka kawo mini." Wata huɗu da kuɗin fotokwafi suka bi ruwa.

To ku gaya mini, ko da ma'aikacin ne ya cike da hannunsa, wane magidanci ne mai kuɗin haya a wuya zai rubuta cewa ogansa ba ya jin shawara, a takardar da za ta kwana a kan teburin ogan? Da na sake aikin, wani dattijo mai gadi ya juya takardar ya dube ni ya ce, "Ɗana, manaja zai gani?" Tun daga ranar nake yawo da kwali da na liƙe da salatif na huda masa baki. Izini kam ina nema a ofis, amma takarda ba ta barin hannuna. A wurin mai shayi na bakin get nake tsayawa lokacin canjin aiki, kowa ya cike ya jefa da kansa. Wasu abokan aikina suna ganin wannan wahalar banza ce. Su suka sani. Kuma kada ku tambayi shekaru da sashe da matsayi a lokaci guda a ofishin da mutum bakwai ne, kun rubuta sunan mutum ke nan ba ku sani ba.

Na biyu ya fi ba ni haushi, domin masu ƙoƙarin ma suna yinsa: ɗalibi ya buɗe fayil ya ga babu ƙorafi ko ɗaya a wani sashe, sai ya rubuta cewa shugaban sashen gwarzo ne. Shiru ma ai magana ce. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta bibiyi rukunonin ma'aikatan jinya a asibitocin Amurka, aikin ya fito a 1996. Ta zaci inda shugabanci ya fi kyau nan za a fi samun ƙarancin kuskuren ba da magani. Sai ta tarar a nan ne aka fi rubuta kuskuren, saboda a nan ne nas ba ta tsoron cewa na yi kuskure. Inda ake tsawa, binnewa ake yi.

Haka nan, da kun ga oga mai sakin fuska da yara masu himma sai ku ce shi ya gyara su. Wa ya gaya muku? Ku shiga Kantin Kwari ku ga maigidan da yaransa ba sa taɓa masa ciniki, dole ya yi ta fara'a. Wataƙila amanar yaran ce ta sakar masa fuska. Takardar da aka raba rana ɗaya ba za ta nuna wanda ya riga wani ba, don haka ku rubuta "akwai alaƙa", ku bar "shi ya haddasa". Sannan ku daina tambayar ma'aikaci ya auna ƙwazon kansa, kowa gwani ne a bakinsa. Ni rajistar zuwa aiki nake nema, da yawan waɗanda suka ajiye aiki a shekarar.

Sauran ƙanana ne. Binciken Kurt Lewin da abokansa na 1939, wanda kuke kwaso shugaba mai kama-karya da mai shawara da ɗan ba-ruwana daga cikinsa, a kan yara maza 'yan wajen shekara 10 aka yi shi a Iowa, ba a kan ma'aikatan kamfani ba. Ku faɗi haka. Tambayoyin MLQ na Bass da Avolio, waɗanda ake auna salon shugabanci da su, da Turanci suke. In lebura zai amsa, a mayar da su Hausa, wani daban ya sake mayar da su Turanci a ga ko ma'anar ta tsira. Adadin nan 384 na jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, jadawalin da ke nuna mutum nawa za a raba wa takarda, na jama'a mai ɗimbin yawa ne. In ma'aikata 100 ne, 80 jadawalin ya ce, amma har yau ina ganin 384 a ofishin da bai kai mutum ɗari ba. Kuma in albashi ya makara, ku ɗaga rabon takardu zuwa bayan an ji alat.