Yadda nake wanke waldar sitenles da lantarki

Duk wanda ya taɓa yin waldar agon (wadda iskar gas ɗin agon ke kare ɗinkin) a kan sitenles, ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, ya san launin nan da ke fitowa a gefen ɗinkin: ruwan zuma, shunayya, shuɗi, in zafi ya yi yawa har baƙi. Lokacin da nake koyon aiki kallon ado nake yi masa. Sai da aka dawo mini da wani tanki da na haɗa, tsatsa ta bi layin waldar tun daga sama har ƙasa, sauran jikinsa kuwa fes, sannan na shiga taitayina.

Abin da ke hana wannan ƙarfe tsatsa shi ne kuromiyam ɗin da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Shi ne ke haɗuwa da iskar oksijin ya yi wata 'yar fata da ido ba ya gani, ta rufe ƙarfen. Zafin walda yana kumbura fatar nan, ya jawo kuromiyam daga ƙarƙashinta, sai wurin ya zama ba shi da kariya. Launin da kake gani alama ce ta inda tsatsa za ta fara.

Da can man asid muke shafawa don cire launin, mai haɗin asid ɗin naitirik da haidurofulorik. Yana aiki, ba musu, amma na biyun mugu ne: yana ratsa fata, kuma ba lallai ka ji zafinsa nan take ba. Giranda kuwa tana barin zane. Shi ya sa na koma injin wankin lantarki. Ɗan akwati ne mai wayoyi biyu, ɗaya ta at da ake maƙalawa a jikin aikin, ɗaya mai buroshin zaren kabon a bakinta. Ruwan da ake tsoma buroshin yawanci na asid ɗin fosforik ne, wutar kuma ba mai ƙarfi ba ce. Da buroshi ya taɓa ƙarfe, wuta ta bi ta cikin ruwan, launin ya narke.

Kafin ka kunna, bari waldar ta huce. Goge maiko da shatin yatsu da asiton, ruwan sinadarin da ke narkar da maiko, domin injin ba ya cin mai. In waldar sanda ce, kankare ɓawon da tartsatsin da suka manne tukuna. A nan ne yara ke ɓata mini aiki: sai su ɗauki buroshin wayar da aka goge baƙin ƙarfe da shi. Ɓurɓushin da zai bari a jikin sitenles shi ne zai yi tsatsa cikin 'yan kwanaki. A wurina buroshin sitenles daban yake, na ɗaura masa jan ƙyalle don kada a yi kuskure.

Sa safar hannu ta roba da tabarau, ka tabbatar iska na shiga tana fita, don tururin yana shaƙe mutum. Maƙala wayar at kusa da inda za ka wanke, a wuri mai tsabta. Injin yana da saitin wuta iri biyu, AC da DC. Ka sa shi a AC in wanki kawai kake so. DC na sa ƙyalli ne, kuma a kan farantin da ba mai sheƙi ba zai bar maka layi yana walƙiya shi kaɗai, mai kaya ya ce ka ɓata masa. Gwada a guntun ƙarfe kafin ka taɓa aikin mutane.

Tsoma buroshin ya jiƙe sosai, ka ɗora bakinsa a kan waldar ka riƙa zagayawa a hankali. Za ka ji cuuu, ɗan tururi ya tashi, shuɗin ya ɓace a gaban idonka cikin daƙiƙoƙi. Kada ka danna. Bakin zaren ne ke aiki, dannawa baje shi take yi ya ƙare da wuri. Kada kuma ka bari ya bushe. Busasshen buroshi yana ƙonewa, ya bar tabo. Ni kusan duk bayan taƙi ɗaya nake sake tsomawa. A lungu, tura hular da ke lulluɓe zaren buroshin gaba zaren ya tsuke ya shiga kusurwa, amma ka kula ƙarfen gindinsa kada ya taɓa aikin, sai ya yi tartsatsi. In tsaye aikin yake, riƙe tsumma a ƙasa ka tare abin da ke gangarowa.

Yawancin masu cewa injin bai yi musu ba, a mataki na gaba suka yi sakaci. Asid ɗin da ya rage a jikin ƙarfe in ya bushe sai ya bar farin shati kamar gishiri, wani lokaci sai washegari zai bayyana. Don haka ina wanke ɗan wuri, in share da tsumma tun yana jiƙe, in fesa ruwan kashe asid, in ɗauraye da ruwa mai tsabta, in tsane da wani tsumman daban. A kula da ramuka da ƙarƙashin goro, nan asid ke maƙalewa. Kada a kusantar da bilic ko ruwan gishiri, kulorayid ɗin da ke cikinsu abokin gabar sitenles ne, ko da nau'in 316 ne mai sinadarin molibdenam da ke ƙara masa juriya, balle nau'in 304. Dattin ruwan kuma yana ɗauke da kuromiyam da nikel, a tara shi a jarka, ba a zubawa a kwata.

Bayan nan nakan bar aikin a iska kwana ɗaya ko biyu kafin a zuba masa komai. In ina shakka, sai in shimfiɗa jiƙaƙƙen farin tsumma a kan waldar ya kwana. Jan ɗigo da safe yana nufin akwai sauran baƙin ƙarfe, a sake.

Abin da injin ba zai yi maka ba shi ne cikin bututu, inda buroshi ba ya kaiwa. Wannan tun lokacin walda ake cika cikin da agon don kada bayan ɗinkin ya ƙone. Waldar da ta yi rami ko ta tsage kuwa, yanke ta za ka yi ka sake.