Yadda za ka sa ido kan shagonka na intanet kafin kwastoma ya kira ka

Abin da ke damuna da yawancin masu sayar da kaya ta intanet shi ne sai kwastoma ya bugo waya yana cewa "Alhaji shafinku fa ba ya buɗewa" sannan su san akwai matsala, alhali tun asuba ciniki ya tsaya cak.

Da farko ka zauna da wanda ya haɗa maka manhajar ku rubuta sharuɗɗa da lamba a takarda, kar ka yarda da "insha Allah ba za a samu matsala ba" kawai. In kamfanin da ke riƙe maka saba, wato kwamfutar da shafinka ke zaune a kai, ya yi alkawarin shafin zai riƙa aiki 99.9% na lokaci, nufinsa a wata mai kwana 30 shafin ba zai mutu fiye da kamar minti 43 ba, in kuwa 99% ne to sama da awa 7 kenan, ka ƙiyasta awa 7 ɗin nan su faɗo ranar jajiberin sallah.

Sai ka buɗe akawun a UptimeRobot, wani shafi mai sa ido kan shafuka, na kyautansu yana leƙa shafi duk minti 5 ya turo maka imel in ya faɗi. To amma nan ne mutane ke yin kuskure, su sa shafin farko kawai su koma barci, bayan kuwa shafin farko zai iya amsa 200 wato lafiya lau, wajen biyan kuɗi kuma yana ta zubo 500 ko 502, wato lambobin da ke nuna akwai matsala a saba. Saka shafin biya ma a ciki.

Wanda ya fi cin rai shi ne a cire wa mutum kuɗi amma oda ta nuna bai biya ba, saboda saƙon da kamfanin karɓar kuɗi irin Paystack ko Flutterwave ke turo wa sabarka bai iso ba ko manhajar ta ƙi karɓa. Wannan sai ka gwada da kanka, duk sati ka sayi ƙaramin abu ta wayarka da datar MTN ko Airtel, ba da wayifai na ofis ba, sannan ka haɗa lissafin kuɗin da suka shigo da jerin oda ka ga ko sun yi daidai.

Kar ka manta da satifiket ɗin tsaro na shafinka, wanda wasu burauza ke nunawa da ɗan kwaɗo kusa da adireshi, in na Let's Encrypt ne, masu ba da shi kyauta, wa'adinsa bai wuce kwana 90 ba, ka tabbata yana sabuntawa da kansa.

Duk faɗuwa ka rubuta rana da lokaci da tsawonta, ƙarshen wata da wannan za ka je wa kamfanin da ke riƙe maka saba ka nemi ragi.