Yadda Za A Sa Furen Albasa Ya Daɗe A Cikin Ɗaki

Akwai furannin da ke fitowa daga ƙwallo mai kama da albasa, irin su amarilis, tulif, hayasint da dafodil. Yawancin waɗanda ake sayarwa a tukunya daga gonakin ƙasar Holan suke. Abincin da furen zai ci yana cikin albasar tun kafin a saye ta, don haka taki ba shi ne matsala ba. Abin da ke rage musu kwana shi ne zafi, sai kuma yawan ruwa.

Aikin yana farawa ne tun wajen saye. Kada a ɗauki tukunyar da furenta ya gama buɗewa, komai kyanta, domin ta riga ta cinye rabin kwanakinta a shago. A zaɓi tulif ko hayasint da kansa ke rufe, launi ya fara leƙowa kawai. Amarilis kuwa a nemi wadda karan furenta ya fito amma kansa bai fashe ba. A latsa albasar da yatsa: in ta yi laushi ko tana wari, ta fara ruɓewa.

Wurin ajiya shi ne rabin aikin. Tulif, hayasint da dafodil 'yan ƙasar sanyi ne, sun fi son ɗakin da bai wuce digiri 10 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas ba. A irin wannan sanyi sukan kai mako biyu, amma a ɗaki mai zafi cikin 'yan kwanaki za su zube. Amarilis asalinta daga Kudancin Amurka ne, shi ya sa ta fi dacewa da masu zama a ƙasa mai zafi. Tana son ɗumi na digiri 21 zuwa 24 lokacin da kara ke tasowa, amma da zarar fure ya buɗe sai a mayar da ita wuri mafi sanyi a gidan. A ba ta haske sosai ba tare da rana ta buge ta kai tsaye ba. A nisanta ta daga murhu, bayan firji, kan talabijin da bakin na'urar sanyaya ɗaki, domin iska mai kaɗawa na busar da furen. Kara yakan karkata wajen taga, saboda haka kullum a ɗan juya tukunyar kashi ɗaya cikin huɗu. In ya yi tsawo da nauyi, a kafa masa siririn itace a gefe, a kula kada a soki albasar.

Mutane da yawa ba su lura da 'ya'yan itace. Ayaba, mangwaro, tuffa da tumatir idan suna nuna suna fitar da iskar gas ɗin etilin, wadda ke sa fure tsufa da wuri, wani ma ya faɗi bai buɗe ba. Kada a haɗa su teburi ɗaya. Hayaƙin janareta da na taba ma haka suke yi.

Wajen ban ruwa, a cusa yatsa cikin ƙasar kamar santimita 2. In a bushe take a zuba, in da danshi a bari. A zuba ta gefen tukunya, ba a kan wuyan albasar ba, domin ruwan da ya kwanta tsakanin ɓawonta shi ke jawo ruɓa. Dole tukunyar ta zama da huji a ƙasa. Ledar ado da ake naɗe ta da ita a cire ko a huda ta, ruwan da ya taru a faranti kuma a zubar bayan minti 15. Saiwar da ta kwana cikin ruwa ba ta samun iska, sai ganye ya yi rawaya, mai shi ya zaci ƙishi ne ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta.

Idan furen amarilis ya buɗe, za a ga 'yan zare shida a tsakiya masu kai ɗauke da gari rawaya. A tsinke kawunan da ɗan almakashi kafin garin ya fara zuba. Furen da bai yi barbara ba ya fi daɗewa, kuma garin ba zai ɓata labule ko tufa ba. Duk furen da ya yanƙwane a yanke shi nan take don kada ƙarfin albasar ya tafi wajen yin iri.

Bayan furen amarilis ya ƙare, a yanke kara a bar santimita 3 zuwa 5, amma kada a taɓa ganye, shi ke mayar wa albasar abincinta. Yanzu ne lokacin taki: na ruwa, sau ɗaya duk mako biyu, na tsawon wata biyar ko shida. Daga nan a daina ba ta ruwa, a ajiye ta wuri mai sanyi da duhu mako 8 zuwa 10. Sai a sake dasa ta, kashi ɗaya cikin uku na albasar a waje, tazararta da bakin tukunya kamar santimita 3. Fure yakan zo cikin mako 6 zuwa 8. Tulif kam sai ta sha sanyi na wata uku ko fiye kafin ta sake fure, don haka a ƙasa mai zafi ba ta cancanci wahalar ba.

Albasar amarilis da ta dafodil suna da guba, kuma sun yi kama da albasar miya ƙwarai. Kada a ajiye su a kicin ko inda yara da dabbobi za su kai gare su.